Tambayar da ta zo da amsarta a hannu

Duk shekara idan lokacin rubuta kundin kammala digiri ya zo, ɗalibai kan kawo mini takardun tambayoyinsu in duba kafin su fita neman bayanai. Yara ne masu ƙoƙari, ban taɓa ganin wanda ya zauna da niyyar maguɗi ba. Duk da haka, sau tari da na karanta tambayoyi uku na farko nakan san abin da babi na biyar, wato na kammalawa, zai ce, alhali ko mutum ɗaya ba a tambaya ba. Ɗalibin ya riga ya yanke hukunci a zuciyarsa, shaidu kawai zai fita nema. Wannan abu yana damuna, domin mutanen da za a tare a ƙofar gida a cinye musu lokaci sun cancanci a ji abin da ke ransu.

Ɓarnar takan fara ne daga taken aikin. Wanda ya rubuta "Illolin TikTok ga tarbiyyar 'yan mata" ya rufe ƙofa ke nan, ko da zai tarar da yarinyar da ta koyi ɗinki ko take tallan turaren wuta a can, ba shi da inda zai ajiye ta a kundinsa. A mayar da shi "Yadda 'yan mata ke amfani da TikTok da abin da iyayensu ke gani a kai". Idan illar na nan za ta fito da kanta, kuma za ta fi nauyi tunda ba kai ka cusa ta ba.

Daga nan sai tambaya mai jan hannu. "Shin ba ka ganin tsadar taki ce ta hana manoma noma?" Bahaushe da kara, wa zai ce maka a'a? Ka tambaye shi me ya rage masa noma bana, in ma ya ragu, ka bar shi ya lissafa. Wata rana ma kalma ɗaya tak ce ke jan hannun. A 1974 wasu masana halayyar ɗan Adam a Amurka, Elizabeth Loftus da John Palmer, sun nuna wa ɗalibai bidiyon haɗarin mota, sannan suka tambaye su gudun da motocin ke yi. Waɗanda aka ce musu motocin "sun ragargaji juna" sun ƙiyasta kusan mil 41 a awa, waɗanda aka ce musu "sun bugi juna" suka ce mil 34. Bayan mako guda aka sake kiran wasu da aka yi wa irin wannan gwaji, aka tambaye su ko sun ga fasassun gilasai. Babu gilashin da ya fashe a bidiyon, amma 16 cikin 50 na rukunin ragargaza sun ce sun gani, a ɗaya rukunin kuwa 7 ne. Tun kafin wannan, a 1941, Donald Rugg ya tambayi Amurkawa kan jawabin sukar dimokuraɗiyya a bainar jama'a: kashi 62 cikin 100 suka ce kada a bari, amma da aka juya tambayar zuwa ko a haramta, kashi 46 ne suka yarda. Ma'ana ɗaya, amsa biyu. Hausa ma cike take da irin waɗannan tagwayen kalmomi. "Auren wuri" da "aure kafin shekara 18" ba nauyinsu ɗaya ba, haka "bara" da "neman abinci", haka "kwararowar baƙi" da "zuwan baƙi". Ka zaɓi wadda mai goyon baya da mai adawa duk za su yarda cewa ta faɗi abin yadda yake.

Inda na fi son ɗalibai su tsaya su yi tunani shi ne wajen mayar da tambaya Hausa, don a nan ne takarda mai kyau a Turanci kan tashi a banza. Na taɓa raka wata ɗaliba wani ƙauye. Muka yi sallama, aka shimfiɗa mana tabarma a zaure, ita ta shiga ciki. Da ta fito ta ce, "Malam, matan gidan nan duk ba sa aiki." Na ce me kika tambaye su? Ta ce, "Inna, kina aiki?" A daidai lokacin ƙamshin man gyaɗa ya cika zauren, ga yarinya ta fito da farantin ƙuliƙuli a ka za ta talla. A kunnen Inna, aiki na mai albashi ne, na malamar asibiti ko ta makaranta. Abin da take yi sana'a ce. Na ce ta koma ta ce, "Inna, wace sana'a kike taɓawa a gida?" Sai ga ƙuli, ga kitso, ga kiwon awaki, ga adashi. Polly Hill, wata masaniya 'yar Birtaniya wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina a shekarun 1960, ta yi rubutu kan wannan ciniki na cikin gida da matan kulle ke gudanarwa ta hannun yara, wanda baƙon da ya tsaya a kasuwa ba zai gan shi ba. Har yau ana maimaita kuskuren, a rubuta mace mai jari a matsayin marar abin yi.

Kalmar "gida" ma haka take. Gida ɗaya na iya ɗauke da magidanta huɗu, kowa da sashensa. Idan iyali ɗaya kake nufi, ka ce "masu ci daga tukunya ɗaya". Tambayar 'ya'ya kuwa sai da dabara. Akwai uwar da ba za ta ƙirga 'ya'yanta a gaban baƙo ba, akwai mai kunyar ɗan fari da za ta tsallake shi, akwai wadda za ta haɗa da 'ya'yan riƙo, wata kuma ba za ta ambaci waɗanda suka rasu ba sai an tambaya a hankali. A raba tambayar: waɗanda ke gabanki, waɗanda ke wani wuri, waɗanda Allah ya karɓa. Shekaru ma, dattijo da yawa zai ba ka 50 ko 60 don ya sallame ka. Ka haɗa masa da abin da ya sani, kamar ko ya yi aure kafin a kashe Murtala a 1976, ko yana da wayo lokacin da aka canja kuɗi zuwa naira a 1973.

Sannan wa ke tambayar, kuma wa ke tsaye a gefe? Idan mai unguwa ne ya raka ka, ba za ka ji ƙorafi kan rabon taki ba. Idan maigida na zaune, amsarsa za ka ji daga bakin matarsa. Idan ka sauka daga farar mota da riga mai tambari, za a ɗauka rajistar tallafi ce, kowa ya zama ba shi da ko akuya. Ka faɗa tun farko cewa karatu kake yi, babu rabo, babu suna a takarda. Mace ta tambayi mata, a keɓe.

Wasu kurakuran gyaransu ba wuya. Tambaya mai kai biyu, irin "Malaman asibitin suna da kirki da ƙwarewa?", a raba ta biyu. Jerin jimlolin da duk ake amsawa da "na amince ƙwarai" zuwa "ban amince ba" yana jan mutane su bi layi ɗaya har ƙasa, musamman masu ganin musu da baƙo rashin ladabi ne, don haka a juya wasu jimlolin, a kuma bar gurbin "ban sani ba". Tsarin jeri ma yana tasiri: in ka fara da tambayoyi biyar kan satar mutane sannan ka ce yaya rayuwa, ka riga ka shirya amsar. Tambaya ta gaba ɗaya ta zo kafin ta takamaiman abu.

Yanzu yayin Google Forms ake yi, wato takardar tambayoyi da ake cikewa a intanet. A tura a zaurukan WhatsApp na 'yan aji da na dangi, amsa ta taru, a rubuta "ra'ayin matasan jiha". Matasan da ke da babbar waya da data da boko ke nan, kuma waɗanda suka san ka. Yawan amsa ba ya wanke wannan. A 1936 mujallar Literary Digest ta aika takardun jin ra'ayi kusan miliyan 10 kan zaɓen shugaban Amurka, fiye da miliyan 2 suka dawo, ta ce Alf Landon zai kayar da Franklin Roosevelt. Roosevelt ya cinye jihohi 46 cikin 48. Sunayen da ta yi amfani da su ta kwaso da yawansu daga littafin masu tarho da rajistar masu mota, a lokacin da talauci ya yi katutu, kuma waɗanda suka ga damar mayar da amsa sun fi karkata ga Landon. George Gallup, mai binciken ra'ayin jama'a, da ya tambayi mutane ƙalilan a kan nata, amma ya kula da zaɓo su, shi ya faɗi wanda zai ci. Idan 'yan WhatsApp kaɗai ka iya samu, ba laifi ba ne, amma ka rubuta haka ɓaro-ɓaro, kada ka yi magana da yawun waɗanda ba ka je wurinsu ba.

Wajen rubutun kansa, son rai kan ɓuya a ƙananan kalmomi. Wanda ka yarda da shi "ya tabbatar", wanda ba ka so "ya yi iƙirari". Ka ba su duka "ya ce" ko "ya gano", hujja ta raba su. Kada ka kira mutanen da suka karɓe ka "jahilai" don ba su yi boko ba, da yawansu sun sauke Alƙur'ani suna rubutun ajami. Ka rubuta irin karatun da suka yi. A babin bitar ayyukan magabata ka kawo aikin da ya saɓa maka, mafi ƙarfinsa, ka amsa shi. Ka faɗi mutum nawa suka ƙi amsawa. In sakamako ya ƙaryata hasashenka, ka rubuta shi yadda ya zo, malamin kirki ba zai rage maka maki a kan haka ba.

Kafin ka buga kwafi ɗari uku, ka gwada takardar a kan mutum goma irin waɗanda za ka tambaya, ban da abokan ajinka. Bayan kowace tambaya ka ce, "Baba, me ka fahimta da wannan?" ka rubuta abin da ya faɗa. Ka kuma ba wani ya mayar da Hausar zuwa Turanci ba tare da ya ga ta asali ba, ku gwama biyun. Sannan ka nemi mutum ɗaya da ka san ra'ayinsa ya saɓa da naka a kan batun, ka miƙa masa takardar da biro, ka ce ya ja layi a ƙarƙashin duk tambayar da ya ji tana tura shi wani gefe.