Kurakuran da ke ɓata aikin mai haɗa rawa, zane, kiɗa da gini

Akwai matasa da yawa yanzu da suka iya zane, suna taka rawa, suna kuma da abokai makaɗa, sai sha'awa ta kama su ta haɗa duka a wasa ɗaya cikin wani tsohon gini. Ina son wannan yunƙuri ƙwarai, shi ya sa nake jin zafi idan aikin ya lalace a kan abin da za a iya gyarawa tun kafin a gayyato 'yan kallo. Zan kafa hujja da aikin Trisha Brown, 'yar rawar Amurka da aka haifa a 1936 ta rasu a 2017, domin da wuya a sami wanda ya kai ta sanin yadda waɗannan fasahohi huɗu ke riƙe juna.

Babban kuskure shi ne a gama tsara rawa a ɗakin atisaye, sannan a fita neman gini mai kyau da za a tsaya a gabansa. Sai ginin ya zama ado kawai, kamar labulen bayan mai ɗaukar hoto. A 1970 Brown ta sa wani mutum ya sauko daga saman dogon bene a birnin Niyok, ɗaure da kayan masu hawan dutse, yana taka bango har ƙasa. Cire benen, babu rawar. A 1971 kuma ta baza 'yan rawa sanye da jajayen kaya a kan rufin gidaje, na farko ya yi motsi, na gaba ya kwaikwaya ya miƙa wa wanda ke nesa da shi, har motsin ya isa ƙarshe ya sauya kama. Nisan da ke tsakanin gidajen ne ya tsara wasan. Don haka ka fara da wurin. Je ka auna shi da taku, ka duba ta ina rana ke shigowa da hantsi da kuma la'asar, ka ƙirga matakala. Idan zaure ne mai gajeriyar ƙofa da ke tilasta wa mutum sunkuyawa, sunkuyawar nan ita ce takunka na farko. Wanda ke Zariya ma yana da wurin koyo kusa: dandalin wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda aka yi da ginin ƙasa a shekarun 1970, an tsara shi ne yadda za a iya sauya inda 'yan wasa da 'yan kallo ke zama.

Sai dai kada a kwashi wasan rufin nan a kawo cikin birnin Kano ko Damagaram ido rufe. Wanda ya hau saman soro a unguwanninmu yana leƙa tsakar gidan maƙwabta ne, inda iyali suke. A nemi izinin masu gida da mai unguwa, in ba a samu ba a haƙura. Haka tsohon gini: ba a kafa ƙusa ko ɗaura igiya a jikin azara mai shekaru, kuma duk wanda zai rataye jikinsa a sama ya nemi kayan da aka yi don wannan aikin da wanda ya san su.

Kuskuren da aka fi raina shi ne na sauti. Ɗakin taro na siminti mai rufin kwano yana mayar da amo, ɗan rawa ya ji bugun ganga sau biyu, ƙafarsa ta rikice. Da an ga haka sai a ƙara lasifika, abin ya ƙara dagulewa. Ka tsaya tsakiyar ɗakin ka tafa sau ɗaya, ka saurari tsawon lokacin da amon ke ɗauka kafin ya mutu. In ya daɗe, rage yawan ganguna, sassauta saurin kiɗan, shimfiɗa tabarmi, rataya labule masu kauri. A fili kuwa matsalar nisa ce. Sauti na tafiyar mita 340 a daƙiƙa, wato ɗan rawan da ke mita 34 daga makaɗi yana jin bugun a makare da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, kuma idon mai kallo yana kama wannan. Ko a matso da makaɗin, ko a ɗaura wa ɗan rawan akayau ya zama shi ke ba da lokaci. Ana ma iya cin gajiyar nisan: a wani aikinta na 1990 Brown ta sa 'yan badujala su riƙa zagaya wajen ɗakin wasan, 'yan kallo na jin kiɗan yana matsowa yana nisa ta cikin bango.

Zane kuma an fi zaluntarsa. Ko a bar shi ya zama takardar talla, ko a ajiye mai zane a gefen dandali yana shafa fenti ba ruwansa da abin da ƙafafu ke yi. Zane ya kamata ya zo kafin rawa, ya zama taswirarta. A 1975 Brown ta zana akwati mai ɗigo 27, kowane ɗigo da harafinsa ban da na tsakiya, ɗan rawa yana tsaye cikin akwatin da ba a gani yana taɓa ɗigon da hannu ko gwiwa ko kai. Iannis Xenakis, injiniya ɗan Girka, ya zana layuka a takarda ya fitar da kiɗa daga cikinsu, irin layukan nan kuma suka sake fitowa a bangon rumfar kamfanin Philips a bajekolin duniya na 1958 a Beljiyam. Ka gwada naka zanen da tambaya ɗaya: ɗan rawan da bai ji bayaninka ba zai iya karanta shi ya motsa? In kuma da jiki za a yi zanen, yadda Brown ta yi da gawayi a hannu da ƙafa kan faffaɗar takarda, a manne takardar da ƙasa sosai, a guji fenti mai ruwa a kan siminti domin santsi.

Daɓen siminti yana cin gwiwa. A nemi katako ko ƙasa mai laushi idan akwai tsalle.

Abu na ƙarshe shi ne ƙoƙarin yin komai kai kaɗai. A 1983 Brown ta bar kiɗa a hannun Laurie Anderson, ta bar tufafi da kayan dandali a hannun Robert Rauschenberg. Kira makaɗinka da magininka tun ranar da za ka fara auna wurin, domin magini ya san bangon da zai ɗauki nauyi, makaɗi ya san kusurwar da kalangu zai fita sarai. Sa sunansu a takardar wasa daidai da naka, ku kuma yanke kuɗin kowa kafin atisayen farko.