Soket mai makunni a bango: kurakuran da suka ƙi ƙarewa

Sabon mai koyon wayarin yakan ɗauka cewa da zarar ya danna makunni fitilar da ke jone a soket ta kama, ya sake dannawa ta mutu, to aiki ya yi. Wannan gwajin ba ya tabbatar da komai. Kusan duk munanan kurakuran da ake yi a wannan haɗin suna cinye shi, sai bayan watanni a ji ƙaurin roba ko wuta ta ja wani.

Babban laifin shi ne sa makunni a kan nutural, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, maimakon layif, wayar da ke kawo wutar. Lantarki zagaye yake yi, duk inda ka yanke zagayen na'ura za ta tsaya, shi ya sa kuskuren yake ɓuya. Amma idan nutural ka yanke, layif yana nan zaune a bakin soket da cikakken ƙarfinsa. Mai gida ya kashe makunni, ya saki jiki ya buɗe fitila zai canja ƙwai, yatsansa ya sauka a kan wuta. Alamarsa ma sananniya ce: kashe makunnin ka bar na'ura a jone, testa za ta kama a ramuka biyun duka, domin wutar ta ratsa cikin na'urar ta dawo ta tsaya a inda aka yanke. Daidai shi ne layif daga bireka ya shiga makunni, ya fito ta ɗaya bakin ya tafi ramin L na soket, wato ramin layif. Nutural da wayar ƙasa, wato wayar kariya da ke kai wuta ƙasa idan an samu matsala, su wuce kai tsaye, babu ruwansu da makunni, sai dai idan irin mai yanke waya biyu ne a lokaci guda. Don tabbatarwa, kashe makunni, ka auna tsakanin L da wayar ƙasa da mita. Idan ka ga volt 230, ko 120 a inda wutarsu ke nan, a kwance aikin a sake.

Wannan kuskure kuwa yawanci daga yarda da launi yake samo asali. Tsohon tsarin Ingila ja ne layif, baƙi nutural. Sabon tsarin ruwan ƙasa ne layif, shuɗi nutural. A Amurka baƙi ne layif, fari nutural. Ka ga baƙar waya ɗaya, a nan nutural, a can wuta. Ko ka san tsarin ma, akwai tarko a akwatin makunni. Sau da yawa wuta soket take fara zuwa, daga nan a ja kebul mai waya biyu zuwa makunni, ɗaya ta kai wuta ɗaya ta dawo da ita. Shuɗiyar ko farar da ke cikin wannan kebul ɗin ba nutural ba ce, wuta take ɗauke da ita. Wanda bai sani ba sai ya tattara duk masu launi ɗaya ya ɗaure wuri guda, ana danna makunni a ji fau, bireka ta faɗi, bakin makunnin ya narke. Ni ba na rufe irin wannan akwati sai na naɗa wa wayar jan tef ko ruwan ƙasa a bakinta biyu, kuma kafin in kwance komai sai na ɗauki hoton yadda na same shi.

Daga nan ne wasu ke faɗawa abin da ya fi ba ni haushi. Sun so ƙara soket daga akwatin makunni, ba su tarar da nutural ba, sai su ara wayar ƙasa ta zama nutural. Haba! Wayar da aka ajiye don ranar hatsari ka mayar da ita hanyar wuta ta kullum? Ranar da ta saki a wani wuri, jikin firji da na dutsen guga da duk ƙarfen da ke kan layin zai ɗauki wuta. Babu dabara a nan, sabon kebul mai nutural za ka ja.

Laifi na biyu mai nauyi shi ne ɗora wa makunnin fitila kayan da ba nasa ba. Juya bayansa ka karanta, yawanci amfiya 6 ko 10 aka rubuta, alhali soket mai rami uku na amfiya 13 ne. A wutar 230, dutsen guga mai wat 2,000 yana jan kusan amfiya 9, butar lantarki mai wat 3,000 tana jan 13. Birekar layin soket kuma 20 ce ko 32, ba za ta faɗi a kan 13 ba, don haka makunnin ne zai yi ta cin zafi shiru, har fuskarsa ta yi ɗumi, robar ta canja launi, ka fara jin tsartsar daga ciki. Kada ka ce ai fitilar tebur kawai za a jona. Soket ba ya tambayar me aka kawo masa, gobe wani zai zo da hita. Ni makunni mai amfiya 20 nake sa wa soket, da waya mai girman murabba'in milimita 2.5. Jawo soket daga layin fitilu mai waya 1 ko 1.5 shi ma wannan ciwon ne. Makunnin rage hasken fitila kuwa ba a haɗa shi da soket sam.

Idan soket ɗin irin na Amurka ne mai baki biyu, kuma ana so ɗaya ya bi makunni ɗaya ya zauna da wuta kullum, akwai ɗan ƙarfe da ya haɗa sukurori biyun gefen layif, masu ruwan tagulla. Sai an karya shi da filaya. Wanda ya manta zai ga makunni ya zama ado. Na gefen nutural a bar shi.

Sauran ƙanana ne a ido. Fere roba kamar milimita 10 zuwa 12 ya isa, kada jan ƙarfe ya leƙo waje, kada kuma sukuru ya danne roba maimakon ƙarfe. Kada wuƙa ta ji wa jan ƙarfen ciwo, nan yake karyewa. Murɗa waya biyu a naɗe da tef ba haɗi ba ne, a sa kanekta. Bayan ɗaurewa ja kowace waya da hannu, sako-sakon haɗi ne ke haifar da zafi. Akwati idan na ƙarfe ne a kai masa wayar ƙasa, layin soket kuma ya samu na'urar kariya ta RCD, wadda ke yanke wuta idan ta zurara zuwa ƙasa, mai miliamfiya 30.

Kashe makunnin bango ba kashe wuta ba ne. A sauke bireka, a kuma tuna da janareta ko inbata idan akwai. Testar sukudireba takan yaudari mutum, musamman a cikin hasken rana ko a kan busasshen tsani, don haka mita ce abin dogaro: gwada ta a inda ka san akwai wuta, ka auna L da N (nutural), L da wayar ƙasa, N da wayar ƙasa, sannan ka sake gwada ta a wurin farko kafin hannunka ya taɓa waya.