Tsohon sirinji: kurakuran da sababbin shiga harkar tara shi suka ƙi bari

Na gaji da amsa tambaya ɗaya: wai wannan tsohon sirinjin na allura ne? Mutum zai tsinto abu a Kasuwar Barci ko wajen 'yan gwangwan na Panteka, ya zo yana murna wai ya samu sirinjin allura na zamanin Turawa, alhali abin bai taɓa huda fatar kowa ba.

Bakinsa za ka fara dubawa. In gajere ne siriri, daidai yadda gindin allura zai zauna, to na allura ne. In dogo ne mai dakusasshen kai, ruwa ake fesawa da shi. Babban nan na tagulla ko farin ƙarfe mai zobba uku na sa yatsu, yawanci na wanke kunne ne. Wanda ya fi shi ƙiba, na ɗura ruwa ta dubura. Ƙaramin gilashi mai dunƙulallen baki kuwa, da shi ake tura magani ta hanyar fitsari ga masu ciwon sanyi kafin penisilin ya wadata. Ƙaton ƙarfe mai noti a jikin sandarsa ta tura magani, wanda ake murzawa don a ƙayyade yawan magani, na malaman dabbobi ne. Shi na fi cin karo da shi a Kaduna, kuma ba abin mamaki ba ne in aka tuna allurar bushiya da aka bi shanun Arewa da ita tun daga 1962.

Sai abin da ke tafasa mini zuciya: sanda ta maƙale a cikin gilashi, a ce sai an ciro ta da ƙarfi. Wa ya aike ka? Ina da wani ƙirar Record, irin wanda kamfanin Dewitt da Herz ya fito da shi a birnin Balin na Jamus a 1906, cikin akwatinsa na ƙarfe, allurorinsa na kwance a gurbinsu. Na bar shi a kan tebur, wani ɗan ƙanena mai son gwaninta ya tsoma shi a tafasasshen ruwa, ya kama da filaya ya murɗa. "Baba, gyara maka na zo yi." Gilashin ya tsage daga sama har ƙasa. Record gangar jikinsa gilashi ce, kan sandar da ke ciki ƙarfe ne, kuma ƙarfe ya fi gilashi saurin buɗewa in ya ji zafi. Shi ya sa malaman asibiti na da suke kwance shi ɗaiɗai kafin su dafa. Ni ruwan ɗumi nake sawa da ɗan sabulu, in bar shi ya kwana, in taɓa a hankali da yatsu, in ya ƙi in mayar. Wasu gilisarin suke ɗigawa, ni ban cika so ba don yana barin danƙo. In ya ƙi sam, a bar shi haka. Maƙalalle yana da daraja, fasasshe sai bola.

Sai kuma lambar da ke jikin gilashi. Ba shekara ba ce, don Allah. Za ka ga lamba ɗaya a gangar jiki da kuma a sandar, saboda da can kowace sanda ana goge ta ne ta dace da gangarta ita kaɗai. Sai a 1946 kamfanin Chance Brothers na Ingila ya yi waɗanda ake iya musanyawa. In lambobin sun saɓa, haɗe-haɗe aka sayar maka.

Kuma ba kowane na gilashi ne ya shekara ɗari ba. Colin Murdoch na New Zealand ya yi rajistar na roba a 1956, amma an daɗe bayan nan ana dafa na gilashi a asibitocinmu. Bakin da ake murɗa allura ta kulle, wato Luer-Lok, sai a 1925 aka fito da shi. Sirinjin allura kansa a 1853 Alexander Wood da Charles Pravaz suka fito da shi, saboda haka dillalin da ya rantse maka nasa na zamanin Shehu Ɗanfodiyo ne, wanda ya rasu a 1817, ka yi masa sallama.

Sauran a gurguje. Kada ka dirje shi da toka ko sanfefa, sunan kamfani da layukan awo za ka share. Kada ka yar da akwatin, wani lokaci shi ke ɗauke da sunan maƙerin. Allurar Record ba ta zama daidai a bakin Luer, daina cusawa. In ka ga awon minim, tsohon awo ne na Ingilishi, kusan 17 ke yin cc ɗaya, wato mililita ɗaya. Mai fata a kan sandarsa kada ya ga ruwan zafi. Kuma kada wani ya ce zai yi wa ko da akuya allura da shi. Ka cire allurorin da ɗan hantsaki, ka adana su a kwalba mai murfi inda yara ba sa kaiwa.