Darasi na Bakwai: Iskar Taya a Jif da Akori-Kura

In direba ya tsaya wurin mai faci a Ƙofar Ƙaura ko a tashar Daura, tambayar farko da zai ji ita ce, "Alhaji, nawa za a sa?" Sau da yawa amsar ita ce, "Sa hamsin." Wani ma ba ya tambayar lamba, sai ya ƙwanƙwasa taya da ƙarfe, ya saurari ƙararta, ya ce ta yi. Kunne ba ya awon iska. Tayar da ta rasa iska kashi ɗaya cikin biyar tana iya tsayawa daram, ido bai ga komai ba.

Adadin da ya dace yana rubuce a jikin motar. Ku buɗe ƙofar direba, ku duba ginshiƙin da take rufuwa a kai. Akwai 'yar takarda manne da hoton taya da lambobi. In ta ɓanɓare, ku duba littafin motar. Za ku ga haruffa uku, PSI, su ne ma'aunin da masu facinmu suka saba da shi. Wata motar kuma bar take rubutawa, ko kPa. Bar 1 daidai yake da PSI 14.5, kuma kPa 100 shi ne bar 1. Don haka in kun ga 2.2 ko 220, kusan PSI 32 ke nan.

Mafi yawan jif da ƙananan akori-kura irin su Hilux suna tsakanin 29 da 36. Tirela da tifa lissafinsu daban ne, su kan kai 100 ko fiye.

Akwai wata lamba a gefen tayar kanta, kusa da kalmar MAX, wani lokaci 44 ko 51. Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Wannan lamba iyakar iskar da tayar za ta iya ɗauka ce, kamfanin taya ne ya rubuta ta, shi kuwa bai san a wace mota za a ɗaura ta ba. Wanda ya ƙera motar shi ya san nauyinta, don haka lambarsa ake bi.

Sai maganar lodi, wadda ta fi shafar mu. A takardar ƙofa galibi akwai layi biyu: ɗaya na mota ba kaya, ɗaya na mota cike. Mai ɗauko buhunan gero daga kasuwar Mai'aduwa zai ƙara wa tayoyin baya iska zuwa layi na biyu kafin ya yi lodi, in ya sauke kuma ya mayar da su. Amma a lura: buhu 10 masu kilo 100 tan guda ne, kuma kusan iyakar ƙarfin ƙaramar akori-kura ke nan. Wanda ya jibga buhu 18 ya ce zai rufe da ƙarin iska, yaudarar kansa yake yi.

Taya mai ƙarancin iska tana lanƙwashewa a kowane juyi, lanƙwasar tana haifar da zafi, zafin kuma yana raba roba da wayoyin ciki. A watan Afrilu, da kwalta ke ƙuna kamar tanda, irin wannan tayar ce ke fashewa ana tsakiyar gudu. Kafin nan ma ta cinye gefunanta biyu, ta ƙara wa motar shan mai. Wadda aka cika mata iska fiye da kima tsakiyarta ke cinyewa, motar ta riƙa tsalle a gargada, birki ya rage kamawa.

A auna da safe kafin a tashi, ko bayan motar ta huta awa 3. In kun taso daga Katsina kuka iso Daura da rana, gejin zai iya nuna ƙarin 3 ko 4. Kada ku sace iskar. Zafi ne ya kumbura ta, in tayar ta huce za ta koma daidai. Da hunturu kuma iska kan ragu, kusan PSI 1 a duk raguwar zafi da maki 5 ko 6 a ma'aunin Salshiyas. Ko ba huji, taya tana rasa 1 zuwa 2 a wata, saboda haka awo sau ɗaya a wata shi ne mafi ƙaranci, har da safaya da ake mantawa a ƙarƙashin mota. Geji na kanka ya fi, don na wasu masu facin ya sha faɗuwa ƙasa.

A hanyar ƙauye mai rairayi akan rage iska don kada mota ta kafe. A tafi a hankali, kuma da zarar an hau kwalta a nemi mai faci.

Aiki: Kowa ya samu mota a unguwarsu, ya kwafo lambobin takardar ƙofa a littafinsa, na gaba da na baya. In an rubuta bar 2.4, PSI nawa ke nan? Ku zo da amsa a zama na gaba.