Yadda ake tantance tsoffin sulallan azurfa na bishop-bishop ɗin Jamus

Kafin 1803, bishop, wato babban limamin coci, shi ne ke mulkin ƙananan ƙasashen Jamus irin su Wurzburg, Bamberg, Munster da Mainz, kowanne yana buga kuɗinsa. Mai son tara su ya fara da babban sulen azurfa, wato tala, ya tsaya kan ƙasa ɗaya tukuna.

Ma'auni ne alƙali. Talar da aka buga bisa yarjejeniyar buga kuɗi ta 1753 nauyinta giram 28.06 ne, azurfarta kashi 83.3 cikin ɗari, daidai da ta Mariya Taresa da fatake suka kawo ƙasar Hausa. Wadda ta gabace ta, ta dokar buga kuɗi ta 1566, giram 29.23 ce. In tala ta gaza nauyin da ya kamata da giram guda, a yi hattara.

A duba gefe da tabarau mai ƙara girma. Layin haɗi ko ƙananan ramuka alama ce ta cewa zuba ta aka yi, ba buga ta ba, jabu ke nan. Tabon walda a sama kuwa na nuna an taɓa rataya ta a wuya, kuma yana karya farashi ƙwarai.

Kada a goge ta ko kaɗan. Baƙin nan da ta yi, masu saye na son sa. A guji ajiye ta a cikin leda mai laushi irin ta PVC, tana sa ta yin kore.