Yadda za ka gane ko guguwar teku na ƙara saurin ƙarfi

In kana so ka duba da kanka, abin ba wuya. Sauko da bayanan IBTrACS, wato taskar bayanan guguwar teku ta duniya, na hukumar NOAA mai nazarin teku da yanayi ta Amurka, kyauta ne, ka buɗe a Excel. Kowace guguwa ka duba gudun iskarta, in ya ƙaru da kilomita 55 a awa ko fiye cikin awa 24, to wannan ita ce ƙaruwar gaggawa, kamar yadda guguwar Otis ta yi a 2023 kafin ta afka wa Akapulko a Meziko.

Sai ka raba su shekara goma-goma, ka ƙirga kashi nawa cikin ɗari suka yi hakan, kar ka tsaya kan adadi kawai don wasu shekarun guguwar ta fi yawa.

Amma fa ka fara daga 1980 zuwa sama, don kafin tauraron ɗan adam ya yawaita, guguwa da dama sun yi ƙarfi a tsakiyar teku ba wanda ya auna su, sai ka zaci da can ba a samun irin wannan ƙaruwar. Kowane teku a ware shi daban, Atlantika daban, Fasifik daban, kuma ka lura da shekarun El Nino, wato lokacin da ruwan tsakiya da gabashin Fasifik ke ɗumama fiye da yadda ya saba, don suna rage guguwa a Atlantika.