Kurakuran da ke cinye ribar mai noman alkama

Alkama 'yar sanyi ce, kuma sanyinmu gajere ne. Duk wanda ke noman rani a Kadawa, Kura ko Auyo ya san haka, amma kowace shekara sai ka ga fangalin da aka yafa wa iri a watan Janairu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: shinkafar damina ta makara a gona, manomi ya tsaya jiran girbi da sussuka. To alkama tana buƙatar kusan wata uku, saboda haka wadda aka shuka a Janairu za ta zo cika ido ne a zafin Maris, idon ya motse, buhu ya yi sako-sako. Lokacinta daga tsakiyar Nuwamba ne zuwa tsakiyar Disamba. In kana da niyyar alkama, tun damina za ka zaɓi shinkafa mai saurin nuna. In kuwa lokaci ya wuce, gara ka sa masara ka huta.

Sai batun iri. Wasu na ɗibar alkamar kasuwa, wadda aka kawo don gurasa da alkaki, su shuka, ba su san daga wace ƙasa ta fito ba. A ƙasashen sanyi irin su Rasha akwai alkamar da sai ta kwana cikin tsananin sanyi kafin ta fitar da kai. A nan ganye kawai za ta yi ta yi. Nemi irin da Cibiyar Binciken Tafkin Chadi ta Maiduguri ta fitar, kamar Norman ko Reyna-28, kilo 100 zuwa 120 a hekta.

Ban ruwa ma ana kuskure ta fuska biyu. Mai kusa da bakin kanal yana cika fangali ya bar ruwa ya kwana, kamar shinkafa yake nomawa, sai ganye ya yi ɗorawa, saiwa ta shaƙe. Na can ƙarshen layi kuma ƙishirwa ke kama tasa. Lokaci biyu ne ba a wasa da su: wajen mako uku bayan shuka, da lokacin fure. Kuma kada ka ba da ruwa ranar da iska ke kaɗawa bayan kai ya yi nauyi, kwanciya za ta yi.

Taki kuwa raba shi ake yi, ba a zuba shi gaba ɗaya. NPK lokacin shuka, yuriya idan alkamar ta fara fitar da 'ya'ya daga gindi, a kan ƙasa mai danshi.